Kujerar da Aka Hana Nunzia

...kuma wai littafi har biyu, kowanne ya kai nauyin bulo. Don girmama Farfesa Egidio Marchesani, masanin shari'a, tsohon minista, ranar cikarsa tamanin. Haka ake yi: malami ya tsufa, ɗalibansa su haɗa masa rubuce-rubuce, su cika zauren jami'a, su yi ta yabonsa yana zaune kamar gawar da aka manta ba a rufe ba. Yana zaune kuwa. Kwalar riga na cizon wuyansa. Mai jawabin nan, wane ne ma? Tullio. I, Tullio mai yawan gumi, shugaban sashen shari'a. Yana cewa Farfesa bai taɓa karkata ba. Bai taɓa ba? Tir.

Layi na uku, gefen taga, Nunzia Calò, ɗalibarsa ta da. Kanta ya yi furfura. Don ita kaɗai ya yarda ya zo. Likita ya ce sunaye za su riƙa zube masa ɗaya bayan ɗaya, to kafin nata ya zube yana so ya gaya mata... me? Ya gaya mata: ni ne.

Gidan abinci a Roma, shekara talatin da suka wuce, ranar Juma'a ce tunda kifi aka ci, al'adar garin. Ko Talata? Farfesoshi biyar masu zaɓen wanda za a ba kujerar farfesa a jami'a. Ba wanda ya buɗe takardun kowa, ai ba a buɗewa. Bana ɗalibinka, baɗi nawa, tun kafin a haife shi haka ake rabo. Bana ta Nunzia ce, kowa ya sani. Littafinta kan haƙƙin fursuna ya fi duk nasa, shi ma ya sani. Sai wani tsoho mai zobe a cikinsu ya goge baki, ya ce jam'iyya na neman masanin shari'a a gwamnati, shi kuma yana da suruki, wani Tullio... Ƙayar kifi ta maƙale wa Farfesa a haƙori. Ƙayar yana tuna ta sarai. Abin da ya ce ne ya ɓace, ko dai bai ce komai ba? Kati ya ciro, ɗan katin sunansa, ya rubuta wa sauran a bayan katin: a dubi Tullio da kyau. Shi ke nan fa.

Wata goma sha ɗaya yana minista. Goma sha ɗaya... gwamnatin ta faɗi ba a gama ɗinka labulen ofishinsa ba. Mota mai jiniya, da wata doka guda da aka soke bayan tafiyarsa. Ita kuwa shekara talatin a makarantar sakandare, can ƙauyen kan dutse, tana gyara wa yara rubutu.

Tafi ya cika zauren. An miƙe. Sumba a kumatu, dama da hagu, leɓuna masu laima, warin kofi da turare. Ranka ya daɗe, Mai girma, uban mu duka... ƙudaje a kan rago.

Ga ta. Ta kama hannunsa da hannu biyu.

"Nunzia, 'yata, akwai maganar da..."

"Farfesa, kada ka wahalar da kanka. Na sani tun shekarar. Tullio da bakinsa ya faɗa, ya sha ya yi tatul."

Dariya take yi. Dariya? Ta ce ba wannan ya kawo ta ba. Ɗanta Saverio zai nemi kujera a watan gobe, yana da ƙoƙari, amma ƙoƙari... ta ɗaga kafaɗa. Tullio ne shugaban masu zaɓe.

"Layi biyu kawai, a bayan kati. Ai hannu bai manta ba."

Yawu ya shirya wa. Shekara talatin yana jiran ta tofa masa a fuska, da ya goge ya je ya mutu lafiya. Wannan ce fa wadda ta taɓa miƙewa a aji ta ce masa ya yi kuskure, ta kuma yi gaskiya. Wa ya koya mata ɗaga kafaɗa? Wa kuma, in ba shi ba?

Kuma akwai wata, dole akwai, a wani ɗaki a wani gari, tana gyara shafin ƙarshe na littafin da ya fi na Saverio, ba ta da kowa a wannan zaure. Ita ba zai taɓa sanin sunanta ba, balle ya manta da shi.

Nunzia na jira. Hannunsa... yaushe ya shiga aljihu? Yana laluben alƙalami, yana dai lalube.