Bidon Dalhatu

Dalhatu ya sauko daga kabu-kabu a ƙofar gidan Manzo da ke Yekuwa, ya tsaya ya dafa bango har ciwon gwiwarsa ya lafa. Daga Mallawa ya taso tun da hantsi, jakar fata a kafaɗa. Ya zo ne ya gaya wa Manzo cewa Sidi ya rasu. Su uku ne suka rage cikin waɗanda suka shiga soja tare daga ƙasar Magariya, yanzu saura biyu.

Hinda, 'yar Manzo, ta fito da kwanon ruwa ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba Dalhatu, gara in faɗa maka tun daga nan. Tun damina ba ya gane kowa. Ni ma wani lokaci sunan marigayiya innata yake kira na da shi."

"Ni zai gane ni," in ji Dalhatu.

Manzo yana zaune a tabarma ƙarƙashin dalbejiya, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Dalhatu ya yi sallama, ya zauna, ya kama hannunsa. Manzo ya amsa da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo, ya tambayi gajiya, ya tambayi gero, sannan ya mai da idonsa kan awakin da ke cin harawa. Dalhatu ya faɗi sunansa, ya ambaci Agadas, ya ambaci lajidan ɗinsu, shugabansu na soja mai faɗa. Manzo ya gyaɗa kai kawai.

Sai Dalhatu ya buɗe jaka ya fito da tsohon bidonsa, gorar ruwa ta ƙarfe irin ta soja. Fentin ya goge, gefe ɗaya ya lotsa, igiyar murfin ma ba ta asali ba ce. Ya ajiye shi a tabarma.

Manzo ya daɗe yana kallon bidon. Ya ɗauka, ya juya shi, ya sa babban yatsa a cikin lotsawar.

"Malam, ina ka samo wannan? Ai na Dalhatu ne."

Hinda ta buɗe baki za ta yi magana, Dalhatu ya ɗaga mata hannu.

"Ka san shi ke nan?"

"Na san shi?" Manzo ya yi 'yar dariya, muryarsa ta ƙara ƙarfi. "Motarmu ta mutu a hamadar Tenere, kan hanyar Dirku. Mu uku aka bari mu tsare ta, ni da shi da Sidi, sauran suka wuce neman taimako. Iska ta tashi, suka ɓace hanyar dawowa. Ruwan kowa ya ƙare sai na cikin wannan. Ni kuma ga zazzaɓi. A murfin nan muke sha, kowa cike ɗaya. Sidi yana ta yi mana waƙar 'yan matan garinsu da busasshiyar murya don kada mu yi barci mu wuce."

"Haka aka yi," in ji Dalhatu a hankali.

"Ba ka ji komai ba tukuna. In layi ya zo kan Dalhatu, sai ya juya baya, ya taɓa murfin da leɓe, ya mayar da ruwan ciki. Ya ɗauka ban gani ba. Ina kwance ƙarƙashin mota, ina kallon maƙogwaronsa, ko motsi ba ya yi. Rabonsa ni na sha."

Dalhatu ya sunkuyar da kai. Bai taɓa faɗa wa kowa wannan ba, har matarsa. Shi da Manzo sun yi aure a shekara guda, tare suka bar aiki, sun ci tuwo a kwano ɗaya sau ba adadi, Manzo bai taɓa nuna ya sani ba.

"Me ya hana ka gaya masa ka gani?"

"Kunya zai ji. Ba ka san shi ba ne." Manzo ya rungume bidon a ƙirji, fuskarsa ta canza. "Malam, gaya mini gaskiya. Soja ba ya rabuwa da bidonsa. Ya mutu ne?"

"Yana nan da ransa. Yana gaishe ka."

"Sidi fa?"

Hinda ta dubi Dalhatu. Ta riga ta ji labarin a kasuwa. Dalhatu ya share fuska da bakin rawaninsa.

"Shi ma lafiya lau. Har yanzu yana waƙarsa."

"Alhamdu lillahi." Manzo ya miƙo masa bidon. "Mayar masa da abinsa. Ka ce masa na yi fushi. Ina nan kwance, kowa ya zo, shi bai zo ba."

"Zan faɗa masa."

Suka yi sallar azahar tare, Manzo a zaune. Hinda ta kawo fura, Manzo ya kurɓa kaɗan ya kwanta. Kafin Dalhatu ya sa takalmi, har Manzo ya tambaye shi daga wane gari yake.

Hinda ta raka shi bakin hanya tana share hawaye da gefen mayafi.

"Ka yi haƙuri, Baba. Ka sha wahalar hanya da wannan ƙafa, kuma bai san ka zo ba. Ba sai ka sake wahalar da kanka ba, in wani abu ya faru za mu aiko."

Dalhatu ya gyara jakar a kafaɗa, yana duban hanyar da kabu-kabu zai ɓullo.

"Ranar kasuwa mai zuwa ki dama fura da yawa," ya ce. "Ai kin ji, ya ce in zo."