Ranar da Aka Zo Cire Dogo

Tsohon mai tuta ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ɗaga tuta yana tsayar da jiragen ƙasa a tashar garin. Tun da aka rufe ta kasuwa ta watse, 'ya'yansa suka koma birni, shi kuwa ya ƙi tashi, kullum yana share dandamali.

Wata safiya sai ga ma'aikata da babbar mota. Jiki na rawa ya kai musu ruwa.

"Sannunku, samari. Gyara za a fara?"

Babbansu ya sunkuyar da kai. "Baba, ƙarafan dogon muka zo cirewa."

Tsohon ya nuna musu inda notuna ba su yi tsatsa ba, ya koma benci ya zauna yana kallo.