Tuwon Memuna

"Wai a tuwo matarsa take zuba masa sammu," in ji mai koko, tana miƙa wa Malama Hanatu kwano. "Duk zango an sani. Ba ki ga yadda Aruna ya koma ba?"

Ta gani mana. Katanga ce kawai tsakaninta da Aruna mai gashin burodi. Mutumin da tumbi ke hana shi sunkuyawa, yanzu wando ke zamewa daga ƙugunsa. Amma Malama Hanatu ta koyar a makarantar Yendi har ta yi furfura, ba a taɓa ba ta amsa da "an sani" ta karɓa ba. Ga shi Issah, wan Aruna, ya iso daga Bawku, ya rantse in Aruna ya mutu, matarsa Memuna za ta koma Salaga ita kaɗai, yara kuwa nasu ne.

Sai Malama ta ɗauki kujerarta ta shiga gidan, wai taya tsintar wake.

Aruna ya dawo daga aikin dare da hantsi, ido ja wur. Ya shanye moɗa, ya nemi ƙari. Memuna ta ajiye masa tuwo.

"Baban Lamisi, ko loma ɗaya."

"Na ƙoshi. Bar ni in kwanta."

Yara suka zagaye kwanon. Malama ta wanke hannu ta sa tare da su.

"Kai Aruna, me kake ci a can?"

"Shayi, Mma, da burodi mai zafi. In ban cika suga ba, barci zai jefa ni cikin wuta."

"Tun yaushe?"

"Tun ina saurayi."

Ya kwanta, amma ina barci? Injin niƙa na ihu, babura na wucewa, jim kaɗan ya fito fitsari. Da ya koma, Malama ta leƙa bayan ɗakin. Kiyashi sun yi baƙi ƙirin a wurin.

Ta sami Issah a zaure. "Ciwon suga ne. Ku kai shi asibitin Tamale yau."

"Mma, ki ajiye bokonki. Sammu ne, ga makarinsa na zo da shi."

Ya nuna mata kwalbar zuma da aka cuɗa da garin magani. Safe da yamma yake ɗura wa Aruna.

Ranar Juma'a, kafin a tafi masallaci, Aruna ya yi barcin ranar da ya daɗe yana nema. Bai farka ba.

Bayan sadakar uku, Issah ya ce Memuna ta ɗaure kayanta. Lamisi, 'yar farin, ta riƙe zanen uwar gam. Mata suka sunkuyar da kai.

Malama Hanatu ta miƙe, dogare da sandarta.

"Issah, tuwon nan na ci, yaran nan sun ci, ga mu. Ƙaninka bai ci ba. Ya yi shekaru bai ci abincin gidansa ba. Zo ka gani."

Ta ja shi bayan ɗaki. Wurin ya bushe, kiyashin sun tashi. Malama da Issah suka bi layinsu ta gindin bango, ta ƙarƙashin ƙofa, har kan taga inda kwalbar zuman take, saura rabi.

Issah ya ɗaga kwalbar, ya dubi zuman da ya yi ta ɗura wa ƙaninsa. Washegari ya hau motar Bawku shi kaɗai, bai yi wa kowa sallama ba.

Mai koko ta tare Malama da safe. "To, Mma, me ya kashe shi?"

"Suga," in ji ta, ta miƙa kwanonta.