Minti Bakwai na Baba Andrawus

Bature bai ci lissafi a jarrabawar gama sakandare ba, amma a rumfarsa ta tura waƙoƙi da ke bayan tashar Birnin Gwari kowa Injiniya yake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa, ba wanda ya yi gardama, don ba wanda ya damu.

Abin taƙamarsa wani jerin umarni ne da ya harhaɗa wa kwamfutarsa, rabi daga intanet, rabi cinta-cinta. Duk sautin da aka zuba mata sai ta mayar da shi MP3, irin wanda ƙaramar waya ke kunnawa. A hanya ta yi masa kwalliya: ta ɗaga murya, ta rage hayaniya, duk shirun da ya wuce daƙiƙa biyu ta datse shi. In ta gama sai ta goge na asalin, kada ya cika wuri. Bature ya fi alfahari da wannan layi na ƙarshe. Wai tsafta.

Wata Talata Lydia ta zo da memori ƙulle a bakin zani. Daga wani ƙauye take kusa da Kakangi. Shekara huɗu ba a noma gonar mahaifinta ba saboda 'yan daji, yanzu da aka fara komawa ciyawa ta cinye iyaka. Maƙwabcinsu Obed ya ce iyakar ita ce ɗorawar kusa da rafi. Ita ta ce ta can nesa ce. Kafin mahaifin nata, Baba Andrawus, ya rasu ya taka gonar da kansa, ya naɗa mata saƙo a waya. Wayar ta fashe, memorin ya tsira.

"Jibi za a zauna gaban mai unguwa. Ka sa min a wannan 'yar wayar. Don Allah kada ka taɓa min komai."

"Anti, ba ni ke taɓawa ba. Na'ura ce."

Ya danna, ya miƙa mata, ko saurara bai yi ba. Injiniya ba ya duba aikinsa.

Ran Alhamis da hantsi ta kira shi. Ba gaisuwa.

"Ina tafiyar babana?"

Ta kunna saƙon ta kara masa. Muryar tsohon ta fito tar, kamar mai karanta labarai: "Ga ni a bakin rafi, zan miƙe gabas. To, ga ɗorawar, nan ne iyaka." Babu ko numfashi a tsakani. A na asali tsohon ya daɗe yana tafiya, ba a jin komai sai ƙafarsa cikin ciyawa. Yanzu duk wanda ya ji sai ya ce taku goma ya yi. Ana jiyo dariyar Obed ta bayan waya.

Bature ya zauna gaban kwamfuta yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Shi kaɗai ne a rumfar. Na asali ya tafi har daga kan memorin, da hannunsa ya rubuta a goge shi. Abin da ya rage 'yar takardar bayani ce da kwamfutar ke ajiye wa kanta bayan kowane aiki. Layi biyu. Abin da ya shiga: minti bakwai da daƙiƙa sha biyu. Abin da ya fita: daƙiƙa tara.

Yana iya kashe waya ya ce caji ne. Ya ma kai yatsa. Sai ya rungumi kwamfutar ya hau acaɓa.

Ya same su ƙarƙashin mangwaro, dattawa sun kai goma. Ya durƙusa, ya buɗe kwamfutar, ya fara bayani da Turancin da ya haddace. Mai unguwa ya ɗaga hannu.

"Yaro, yi mana Hausa."

"Ranka ya daɗe, na yanke minti bakwai."

"Me ya yi maka?"

"Shiru ne. Na ɗauka ba shi da amfani."

"Ka saurara kafin ka yanke?"

"A'a."

"To wa ya ce maka shiru ne?"

Bature ya kalli silifas ɗinsa. Obed ya ce ai rubutun kwamfuta kowa na iya yi. Mai unguwa ya ce haka ne, amma bai taɓa ganin wanda ya biyo wannan hanya a acaɓa don kawai ya shaida wa jama'a shi wawa ne ba. Ya karɓi minti bakwan.

Saura a san tafiyar minti bakwai a ƙafar Andrawus. Aka tayar da Malam Abarshi, sa'an marigayin, wanda suka yi farauta tare tun suna samari.

"Kada ka yi sauri, Malam," in ji Obed.

"Kai ka ga na yi kama da mai sauri?"

Suka tsaya bakin rafi. Aka ba Bature aikin duba agogo, wai ko wannan zai iya. Tsohon ya miƙi gabas yana dogara sanda, jama'a na biye. Ko minti ɗaya bai cika ba suka wuce ɗorawar Obed. Lydia ba ta ko waiwaye ta ba. Ciyawa ta kai ƙugu, ƙaya ta kama wandon Bature, silifas ɗinsa ɗaya ya tsinke. Ya koma ɗingishi, kwamfuta a hammata, yana kallon bayan tsoho mai shekara tamanin yana ƙara yi masa nisa.

"Bakwai!" ya ƙwala daga baya, da haki.

Malam Abarshi ya tsaya. Saura taku kamar ashirin ya kai ɗorawar nesa.

"Andrawus dama ya fi ni ƙafa," ya ce.

Mai unguwa ya ƙarasa ya dafa itacen, ya kalli Obed. Obed ya cire hula ya sosa kai. Lydia ta zauna a gindin ɗorawar ta rufe fuska da mayafi.

Sai da aka gama addu'a Bature ya iso.