Keke Mai Taya Uku a Bakin Daji

"Ja baya kaɗan, Papa. Kaɗan kawai."

Aimé ya ja baya, tayar hagu ta bugi ƙarfe. Ya tura gaba, ta dama ta maƙale. Karo na huɗu ke nan. 'Yarsa Oriane, wadda ke riƙe da bayan kekensa mai taya uku, ta ji gumi yana bin gadon bayanta duk da sanyin safiya.

Shingen ba wani babban abu ba ne. Ƙarafa biyu ne masu fenti fari da kore, ɗaya ya fito daga dama, ɗaya daga hagu a ɗan gaba, yadda duk mai shiga sai ya lanƙwasa ya ratsa tsakaninsu. Bayansu sabuwar kwalta ta miƙe sambal a kan tsohon layin dogo, ta shige dajin garin Chaumerey, ba mota ba hayaƙi. Mutum shida na ƙungiyar keken tsofaffi sun riga sun wuce. Sun tsaya can ciki, kowa ƙafa ɗaya a ƙasa, suna ta kallon itatuwa kamar yau suka fara ganin itace.

Shekara talatin Aimé yana jan ragamar fitar ranar Alhamis, daga dandalin gari zuwa tafkin da ke tsakiyar daji, inda ake baje burodi da cuku a kan benci. Wata goma sha huɗu da suka wuce ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, tun daga nan bai ƙetare ƙofar lambunsa ba. Sai da Oriane ta yi wata uku tana lallashi, tana faɗa, wani lokacin har da kuka, kafin ya yarda ya hau keke mai taya uku, wanda yake kira amalanke. Sharaɗi ɗaya ya kafa mata: kada wanda ya ɗauke shi. Ta san halin ubanta. In ya juya gida yau, to ya juya ke nan.

Lucien, tsohon mai gasa burodi daga ƙauyen da ke gaba, ya jingine kekensa ya dawo yana huci.

"Wai wane jaki ne ya zana wannan abu? Na rantse a ofis ya zauna, bai taɓa ɗora ɗuwawunsa a sirdi ba!"

Odette, matar da ke riƙe da littafin ƙungiya, ta zungure shi da gwiwar hannu. "Lulu, rufe mana baki."

"Ƙarya na yi?"

Duk 'yan Chaumerey da ke wurin sun san amsar, shi kaɗai ne baƙo.

Da sanyin bara aka kawo zanen shingen gaban majalisar gari. Ɗan kwangila ya bar ƙofa mai faɗi. Oriane, ƙaramar kansila, mai shekara ashirin da tara, da takardar shaidar karatun tsara birane daga birnin Dijon, ta miƙe ta bugi tebur. Ta ce baburan mafarauta masu taya huɗu za su bi ta nan a guje, su banke mutane. Ta ce wa dattawan majalisa sun mai da zauren ɗakin barci, komai aka kawo sai su gyaɗa kai don a tashi da wuri. Washegari ta je da tef ɗin awo da siririn kekenta na tsere, ta gwada, ta rage faɗin, ta sa a lanƙwasa hanyar. Aka kaɗa ƙuri'a, ta ci.

Kuma gaskiyarta game da baburan, gaskiyarta game da barcin. Sai dai a daidai watannin nan keken ubanta yana ajiye a zauren gida, kullum da yamma sai ta raɓa shi kafin ta shiga kicin. Ko sau ɗaya ba ta ɗora masa tef ɗin ba.

"To, abu mai sauƙi," in ji Lucien, yana naɗe hannun riga. "Mu huɗu mu kama, mu ɗaga shi har da keken, mu tsallakar. Na ɗauki buhun fulawa da ya fi ka nauyi, Aimé."

"Ka taɓa ni, in fasa maka hanci da hannun da ya rage."

Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan take. Aimé ya gyara hular kwanonsa, bai dubi 'yarsa ba.

"Mu koma, 'yata. Ƙafar ce ke min ciwo yau. Ku je abinku, ku ci cukun da rabona."

Ƙafar ba ta ciwo. Wata goma sha huɗu ba ya jin komai a cikinta. Oriane ta gane ƙaryar don ita aka yi, kuma ta gane ya san ko wane ne jakin, tunda ba ya barin takardar majalisa ta wuce bai karanta ba.

Ana haka farar motar ma'aikatan gari ta tsaya a bakin titi, tutoci da allunan bikin buɗe hanya cike da bayanta. Magajin gari, Fernand Thévenin, ya fito. Kallo ɗaya ya yi wa keken da shingen, ya gaisa da kowa hannu da hannu, sannan ya ja Oriane gefe.

"Kwantar da hankalinki, yarinyata," ya ce ƙasa-ƙasa. "Jibi wakilin gwamnati zai zo yanke ƙyalle, ga 'yan jarida. Bari Asabar ta wuce lafiya. In kaka ta kama mu kafa kwamiti, a duba."

"Kaka, yallaɓai? Yanzu fa muke Mayu."

"Masu irin wannan keke mutum nawa ne a yankin nan? Biyu? Uku? Kuma ba mai cewa ke ce. Majalisa ce ta kaɗa ƙuri'a, dukkanmu muka ɗaga hannu." Ya dafa kafaɗarta. "Kowa na kuskure."

Haka ake yi a garin nan. Ba a zagin mai kuskure, lulluɓe shi ake da kirki, a bar kuskuren a tsaye har ya yi tsatsa, har mutane su fara cewa ai tun can haka yake. Karyayyen tsanin ɗakin karatu haka ya shekara goma sha biyar yana jiran kwamiti. Oriane ta sha yin ihu a kan wannan hali. Abin da ya ƙara dulmiya ta a kunya shi ne, yanzu da aka miƙo mata lulluɓin, ta ji daɗinsa. Ta ji bakinta yana shirin cewa to.

Ta waiwaya. Aimé yana ta ƙoƙarin juya keken da hannu ɗaya, ya nufi gida, Odette tana tafe a gefensa ba ta taɓa shi ba.

"Lucien!" Muryarta ta fita da ƙarfi fiye da yadda ta so. "Jakin da kake tambaya, ni ce. Ni na auna, ni na rage. An kawo mai faɗi, na ƙi."

Lucien ya ce, "To... ai ban ce babban jaki ba."

Ta wuce bayan motar, ta ture tutocin, ta buɗe akwatin kayan aiki ta zaro babbar sufana.

"Oriane, wannan kayan hukuma ne," in ji magajin gari. "Ba a taɓa shi sai da takarda. Kuma in babur ya shigo ya banke wani fa? Da bakinki kika faɗa."

"Na faɗa, kuma ban janye ba. Yadda za a tare su ban sani ba tukuna. Daren Litinin zan tsaya gaban majalisa in ce na yi kuskure, mu nemi wata dabara. Kafin nan duk abin da ya faru, ka rubuta sunana."

Ta durƙusa a gindin ƙarfen dama. Noti huɗu ne suka kama shi da kankare. Ta danna da dukkan ƙarfinta, ko motsi bai yi ba. Ta sake, sufana ta zame, fatar yatsanta ta sale. Kowa yana kallo. Ta gwammace ƙasa ta tsage.

"Hagu ake juyawa, 'yar makaranta."

Aimé ne. Ya dawo, ya tsayar da keken daf da ita.

Ta juya hagu. Lucien ya zo ya ɗora nauyinsa a kan sufanar, noti ya yi ƙara ya saki. Na biyu ya ba su wuya, na uku da na huɗu suka biyo. Mutum uku suka cicciɓi ƙarfen suka kwantar da shi cikin ciyawa. Magajin gari ya tsaya hannu a aljihu yana duban ramuka huɗun da aka bari, sannan ya ɗauko jar robar gargaɗi mai tsini, irin wadda ake sawa a titi, daga mota ya ajiye a kansu.

Aimé ya taka feda da ƙafarsa mai lafiya. Keken ya gangara a hankali, ya shiga inuwar itatuwa. Odette ta fara tafi, ya galla mata harara, ta daina. Ya ja birki, ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba.

"Daga nan zuwa tafki, irin wannan guda nawa kika dasa?"

Oriane ta dubi jinin da ke yatsanta. "Duk inda titi ya gitta akwai ɗaya. Saura goma, Papa."

Lucien ya yi fito. Aimé ya miƙa hannu baya ya buɗe murfin kwandon kekensa.

"To sa sufanar a nan. Ki hau kekenki mu tafi, kada rana ta faɗi ba ki gama ba."