Jirgin da Ke Goye da Kwale-kwale

Wata bakwai ke nan da Osman ya tafi aikin jirgin ruwa, cikin matarsa Muniratu kuma ya shiga wata na takwas. A unguwar Nima in an ce mutum ya tafi jirgi, ba a tambayar wane iri. Jirgi dai jirgi ne, kuma Turai ya nufa. Haka surukarta Mma Sala take gaya wa kowa a teburinta na koko da ƙosai, tana buɗe hannuwa har gyalenta ya zame.

"Jirgin yarona daga nan har unguwar Kanda ne! In ka ɗaga kai za ka kalle shi, hularka sai ta faɗi."

"To Mma, ki ce boga, mutumin Turai, ya taho mana da firiji," in ji wani direban trotro, motar haya, aka kwashe da dariya.

Muniratu tana bayan tebur tana ƙulla koko a leda. Ita ba firiji take so ba. So take ta sani ko mijinta zai dawo kafin ta haihu, ko yana nan za a yi suna. Duk sanda ta tambaye shi a waya sai ya ce, "Muni, hanya da nisa, sai yadda Allah ya yi." Daga nan wayar ta yi shiru sati biyar, shida, sannan ta sake dawowa kwana uku. Ta lura da abu ɗaya da ba ta gaya wa kowa ba: in ya kira, da lambarsa ta Gana yake kira.

Hoto ɗaya tak ya taɓa turo mata. Yana tsaye yana murmushi, bayansa ga jirgin kusan rabinsa. Ta kalli hoton nan har ta san inda fentin ya ɓaɓɓake.

Ran wata Talata da hantsi, bayan koko ya ƙare, ta ce za ta je sayen sabulu, sai ta bi lungu ta tsallake babban gwata ta shiga unguwar Maamobi. Can kusa da masallaci akwai wani tsoho, Baba Seidu, wanda ya yi shekara talatin yana fentin jirage a habo, tashar jiragen ruwa ta Tema. Yanzu ƙafa ta hana shi, kullum yana kan benci da rediyonsa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi ta juya wayar a hannu kafin ta iya miƙa masa.

"Baba, so nake a duba mini. Jirgin nan, kwana nawa yake yi daga Turai zuwa nan?"

Ya sa tabarau, ya ja hoton da yatsu ya ƙara girma. Ya daɗe yana dubawa.

"Wa ya ce miki wannan na zuwa Turai?"

"Haka ake faɗa a gida."

"Mutanen Nima! Ko bahon wanka suka gani a teku sai su ce Hambog za shi, can Turai." Ya matsa mata a bencin. "Zauna, Amariya. Jirgi kamar mutum yake, aikinsa a jikinsa ake gani. Na kwantena doguwar tire ce kawai, a jera akwatuna a kai. Shi ba ma a tambayar nauyinsa, cewa ake akwati nawa yake ɗauka, dubu biyar ko dubu goma. Tsawonsa mita ɗari uku, wani ya fi. Tanka kuma, mai ɗaukar mai, samansa duk bututu ne, ko sigari ba a kunnawa. Akwai mai shinkafa da siminti a zube, shi manyan murafai ne a bayansa kamar tukwanen biki. Na motoci kuwa ba kyan gani, kamar an ɗora sito a kan ruwa."

"To wannan fa?"

"Wannan duka-duka mita saba'in. Na yi wa irinsa fenti ya fi a ƙirga. Kin ga wannan tudun baƙi a bayan mijinki? Koma ce, ta kamun kifi. Kin ga ƙaramin kwale-kwalen da ya goya a gindi kamar mace da ɗa? Shi ke jan bakin komar ya zagaye kifi. Jirgin kamun kifin tuna ne, 'yata. Shi awonsa cikinsa ne, tan nawa na kifi ɗakin sanyinsa zai ci. In ya cika ya juyo gida."

"Gida ina?"

"Tema mana. Habon kifi."

Muniratu ta ji jaririn ya motsa, ta dafa cikin. Tema. Trotro biyu ne daga nan. Wata bakwai tana kwana da tunanin ƙasashen da ba ta san sunansu ba, tana yi masa addu'ar sanyin Turai, ashe kowane sati shida yana zuwa nan bayan gida.

"Yaushe ya kira ki na ƙarshe?" Baba Seidu ya tambaya, muryarsa ta sauko.

"Jiya."

"To yana ƙasa. Waya ba ta kamawa a tsakiyar teku." Ya mayar mata da wayar. "In kin je, ki duba lambobin da ke hancin jirgin, farare, a jere daga ƙasa zuwa sama. Ni nake rubuta irinsu da hannuna. In ruwa ya haɗiye su da yawa, cike yake, ba a gama sauke kaya ba. In kin ga jan cikinsa a waje, sun gama, tafiya ta kusa. Kuma kada ki yi masa ihu a gaban mutane. Kunya ce ta riƙe shi, na san irinta."

Ba ta koma gida ba. Ta kira Mma Sala ta ce ta wuce awon ciki, ƙarya ta biyu da ta yi mata a ranar, ta hau trotro.

Warin habon kifi ne ya fara tarbar ta tun kafin ƙofa. Mata da manyan kwanuka, ana ihu da yaren Ga da na Fante, ƙasa jiƙe sharkaf. Mai gadi ya kalli cikinta, ya kalli hoton, ya nuna mata da baki. Jirage uku ne a jere, biyu suna goye da kwale-kwale. Ta gane nasa da fentin da ya ɓaɓɓake. Ta kalli hancinsa. Ja ya fito kamar tsawon mutum.

Ƙugiyar ɗaga kaya tana ta fito da kifi daga cikin jirgin, manya, sun daskare suna hayaƙi. Can ƙasa wani mutum cikin dogon takalmin roba da hular sanyi yana jan su yana jerawa. Ya rame. Ta tsaya a gefen wata mota, ba ta kira shi ba. Shi ne ya ɗago ya share fuska, idonsa ya faɗa a kanta.

Ya zo a hankali yana cire safar hannu.

"Muni. Wa ya kawo ki?"

"Ƙafata."

Ya kalli cikin, ya kasa ɗauke ido. Ranar da ya tafi ko alama babu.

"Ya yi girma haka?"

"Bai jira ka ba."

Ya yi dariya kaɗan. "Na nemi babban jirgin, wallahi na nema. Sun ce takarduna ba su kai ba. Kafin in koma in faɗa, Mma ta riga ta raba goro a masallaci wai na samu jirgin Turai. Ta yaya zan shigo Nima ina ƙarnin kifi, yara na bina suna boga ya dawo?"

"Ni ba a masallaci nake ba. A ɗakinka nake."

Ya sunkuyar da kai. Wani daga saman jirgin ya ƙwala masa kira, ya ɗaga hannu alamar yana zuwa.

"Yaushe za ku tashi?"

"Gobe da rana."

"Kwana nawa?"

"Arba'in. In kifi ya yi gardama, hamsin."

A awon cikin da ya wuce nas ta ce mata saura sati huɗu. Ta yi lissafin a ranta, ta sake yi, ko ta haɗa da kwana bakwai na suna bai kai ba.

"Ba za su bar ka ba?"

"In na sauka yanzu, mutum goma ne a ƙofa suna jiran wurina." Ya goge hannu a wando. "Amma in mun dawo daga wannan tafiyar, sai gida. Da takalmin nan ma in ya kama. Ni da bakina zan gaya wa Mma."

Ta gyaɗa kai. Hawaye ya zo, ta mayar da shi, don mutane na kallo.

"To ba ni suna. Kada liman ya tambaya a rasa abin da uba ya ce."

Ya matso kusa har ta ji sanyin ƙanƙara a jikin rigarsa. "In namiji ne, Abdulmajeed, sunan babanki. In mace ce, Zalia."

Aka sake kiransa, wannan karon da zagi. Ya taɓa cikin da bayan hannu, don tafin duk ya tsattsage, sannan ya juya da gudu-gudu.

A hanyar dawowa ta samu wurin taga. Trotro ya bi bakin teku, iska tana kaɗa mata gyale. Matar da ke kusa da ita ta miƙo mata ruwan leda ta tambaya ko cikin fari ne. Muniratu ta ce e, na fari ne, kuma babansa ma'aikacin jirgin kifi ne a Tema, gobe za su fita.