Ramin da ke Bayan Rediyon Baba

Tun da ciwo ya shanye wa Baba ɓarin dama, gidan ya cika da masu taimako. Ana amsa masa gaisuwa kafin ya buɗe baki, ana zaɓa masa riga, likita ma Mama yake tambaya yadda Baba ya kwana, alhali ga Baban a zaune gabansa. Duk ya jure. Abin da ya kasa jurewa shi ne rediyonsa, wani baƙin akwati mai nauyin tsiya da ya daɗe yana farautar tashoshin gajeren zango da shi. Murɗa shi sai yatsu masu natsuwa, na hagu kuwa rawa suke yi. Ya sa aka rufe shi da tawul, daga nan magana ma ya rage.

Autarsa kaɗai ya roƙa, da yake ita ke aiki da kwamfuta.

"Ki samo min abin nan na haɗa rediyo da kwamfuta."

Ta je shago ta maimaita yadda ya faɗa, aka ba ta wani ɗan abu da bai wuce babban yatsa ba, da 'yar eriyarsa. Da yamma ta soka shi jikin kwamfuta, allo ya cika da launuka suna gangarowa.

"Baba, duba! Kowane zane tasha ce, ga su birjik. Ba ka ma buƙatar wancan tsohon."

"Ya yi kyau," in ji Baba. "Kamar zanin mamanki."

"Ka fita harkar zanina, Malam," Mama ta ce daga bakin ƙofa.

"To, ina rediyon?"

"Ga shi nan, Baba."

"Wannan mazurari ne, Auta. Nasa ya kwaso ya zuba wa kwamfuta. Ita ke tacewa, ita ke ji, sannan ta ba ni labari. Ni kuwa masu ba ni labari sun yi min yawa a gidan nan."

Ya nuna mata tsohon rediyon.

"Yaye tawul ɗin, ki leƙa bayansa."

Ta leƙa. Akwai wani ɗan rami da ƙura ta toshe.

"Don kwamfuta aka yi shi. Ta ce wa rediyon hau, ya hau. Ta ce sauka, ya sauka. Amma ji, shi ke ji da kansa, ita 'yar aike ce." Ya ɗaga hannun daman da na hagu, ya ɗora a cinya. "Hannu na rasa, Auta. Kunnena lafiya lau."

Rabon da ya yi magana mai tsawon haka tun asibiti. Sau biyu kalma ta maƙale masa, leɓen Mama ya motsa, amma ta bar shi ya ƙarasa da kansa.

Wayar da za ta haɗa ramin da kwamfuta ta yi wuyar samu. Mai shagon ya ce rabonsa da irinta tun yana da gashi. Ranar da Auta ta haɗa ta, Baba ya ɗora yatsa ɗaya mai rawa a kan maɓallin kwamfuta, ya danna. Lambobin da ke fuskar tsohon rediyon suka motsa ba wanda ya taɓa shi. Shuuu ɗin da Mama ta yi shekaru tana tsine wa ya cika ɗakin. Can ƙasa-ƙasa wani mutum yana jero zance da yaren da babu mai ji a gidan, Baba kuwa ya kasa kunne kamar saƙon ɗan'uwa ne.

"Shi ke nan, barcin rana ya ƙare," in ji Mama, ta jawo kujera ta zauna.

Auta ta kai hannu za ta zare ɗan ƙaramin abin nan mai eriya.

"Bar shi," Baba ya ce. "Ido gare shi, ban hana masa ba. Me kike gani?"

"Akwai wani siririn zane, sama kaɗan da inda kake. Ina jin..."

"A'a. Kar ki faɗa min ko mene ne."

Ya sake ɗora yatsan.